Daɓen Katakon Oak: Kafin Ka Zuba Kuɗinka A Ƙasa

A ƙarshen daminar bara wani abokina ma'aikacin banki ya kira ni in zo in ga abin da ya sami falonsa. Wata bakwai ke nan da ya tare a sabon gidansa a Kaduna, kuma a ranar walima babu wanda ya shiga falon nan bai yaba ba, domin maimakon tayil da kowa ya saba gani, shi katakon oak ya shimfiɗa, wanda aka yo masa odarsa daga waje. Da na isa sai na tarar tsakiyar falon ta yi tozo kamar an binne ƙwarya a ƙarƙashi, ƙofar ɗakin cin abinci ba ta buɗuwa sai rabi, gefunan fallayen katakon kuma sun ɗaga sun fara baƙi. Shi yana zargin mai shago, mai shago na zargin kafinta, kafinta kuma ya ce laifin birkila ne. Da muka ɓamɓare falle guda muka duba, sai muka ga simintin da ke ƙasa da danshi, ba a sa ko ledar kariya ba, sannan an matse katakon da bango ta kowace kusurwa yadda ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Mako uku kacal aka yi tsakanin zuba simintin da shimfiɗa katakon, saboda ana saurin a tare kafin azumi. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

Na kawo wannan labari ne domin na lura cewa abokin nawa ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ke zagaya sababbin unguwannin Abuja da Kano da Kaduna, ko yake leƙa kasuwannin kayan gini irin su Dei-Dei da Ƙofar Ruwa, ya san cewa daɓen katako ya fara shiga ran masu hali da ma'aikata. Wani ya gani a otal a Dubai, wani a gidan da ya zauna lokacin karatu a Ingila, wata kuma a hotunan waya. Sha'awar abu mai kyau ba laifi ba ce. Sai dai tun da darajar Naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canji na watan Yunin 2023, duk kayan da ake shigowa da su sun zama sai wane da wane, don haka kuskure a nan asara ce da za ta daɗe tana ciwo. Ya kamata mai karatu ya san abin da zai saya, da yadda ake shimfiɗa shi, da irin ɗawainiyar da ya ɗaukar wa iyalinsa.

Daga makuba zuwa tayil

Bahaushe ba baƙon daɓe ba ne. Iyayenmu mata kan taru su zuba tsakuwa da jar ƙasa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, sannan a yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ɗaki ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Daga baya siminti ya zo, aka bi shi da ledar ɗaki da kafet da tarazo, yau kuma tayil ne ke sarauta. Abin lura shi ne, in ka cire kafet, duk daɓen zamani da muka saba da shi yana jure ruwa. A kansa matanmu da masu aikin gidajenmu suka koyi tsafta, wato bokiti da omo da mofa, a kwarara ruwa a goge. Katako shi ne daɓe na farko da wannan tsaftar ke kashe shi.

Hasali ma, gudun ruwa na cikin abin da ya ɗaukaka daɓen katako a Turai. A fadar Versailles ta Sarkin Faransa Luwis na 14, an fara maye gurbin daɓen marmara da na katako a 1684, saboda ruwan da ake wanke marmarar da shi yana zirara ya ruɓar da ginshiƙan itacen da ke ƙasa. Tun asali dai daɓe ne na shara da goga, ba a yi shi domin wanki ba.

Mene ne katako mai hawa-hawa?

Oak itace ne na ƙasashe masu sanyi, ba ya fitowa a ƙasar Hausa. Yana da ɗaruruwan nau'o'i, amma waɗanda aka fi yin daɓe da su su ne na Turai, da kuma fari da ja na Amurka. Itace ne mai ƙarfi da kyan jijiya, mai jinkirin girma, domin a dazuzzukan Faransa akan bar shi ya haura shekara 100, wani lokaci har kusan 200, kafin a sare. Da shi aka sake gina rufin majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris bayan gobarar 2019.

Daɓen oak iri biyu ne. Akwai zallan katako, wanda falle guda itace guda ne daga sama har ƙasa. Akwai kuma mai hawa-hawa, wanda shi ne batunmu. Shi wannan, fuskarsa ce kaɗai oak, wato wani siririn yanki mai kaurin milimita 2.5 zuwa 6, wanda aka manne a kan filawud ko wani katako mai araha, jimillar kaurin ta kama daga milimita 14 zuwa 21 a mafi yawan lokuta. Wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Gustaf Kähr ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1941, kuma kamfanin danginsa, Kährs, na nan har yau.

Hikimar da ke ciki ita ce wannan. Itace ko bayan an sare shi ya bushe, ba ya daina shan danshin iska da fitar da shi. Idan ya sha sai ya kumbura, idan ya fitar sai ya tsuke. Amma wannan motsi a faɗi yake yinsa, a tsawo kusan ba ya motsi. Saboda haka sai masu ƙira suka jera hawa-hawan a gicciye, jijiyar wannan ta kalli gabas, ta na ƙasansa ta kalli kudu, kowane hawa ya riƙe ɗan'uwansa ya hana shi sakewa. Wannan ya sa mai hawa-hawa ya fi zallan katako natsuwa, ana iya ɗora shi a kan siminti, kuma gungume guda yakan ba da daɓe ninkin-ba-ninkin abin da zai bayar in da zallansa aka yanka. To amma a kula, rage motsin aka yi, ba a kashe shi ba. A nan ne yanayinmu ya shigo.

Hunturu da damina

Yawancin masu ƙera wannan katako suna rubuta a takardar garanti cewa a riƙe danshin iskar ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, wasu su sassauta kaɗan. A irin wannan yanayi katako yakan zauna da ruwa kusan kashi 9 cikin 100 na nauyinsa, kuma kusa da haka ake busar da shi a masana'anta. Mu kuwa a Kano ko Katsina ko Sakkwato, danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu da farkon bazara, sannan ya haura kashi 70 a watan Agusta. Katakon da ya daɗe a iska mai danshi kashi 15 ruwan jikinsa kan sauka zuwa ƙasa da kashi 4, wanda ya daɗe a kashi 80 kuma ya kai kusan kashi 16. Cikin ɗaki ya ɗan fi waje sauƙi, amma duk da haka tazarar babba ce, kuma kowace shekara sai daɓen ya yi wannan tafiya ya dawo.

Da damina, in babu wurin sakewa, sai ya yi tozo irin na falon abokina. Da hunturu kuma matsalar ta juya: fuskar oak ɗin tana son tsukewa, filawud ɗin ƙasa ya riƙe ta, sai a ga ƙananan tsagu a fuska, ko rata tsakanin fallaye, ko gefuna su lanƙwaso sama, a katako mara inganci ma fuskar ta ɓare daga gindinta. Na'urar sanyaya ɗaki tana taimakawa da damina domin tana zuƙe danshi. Ita ma sai da wuta, kuma kowa ya san halin wutarmu. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai aiki a Abuja ko Legas da ya gina gida a garinsu, ya kulle shi sai Sallah zuwa Sallah. Gidan da ke rufe wata shida babu mai lura, bai dace da wannan daɓe ba.

Sai kuma gara. Zuciyar itacen oak tana da ɗan juriya, amma itatuwan da ake yin hawan ƙasa da su masu laushi ne, kuma gara ba ta jin kunyarsu. Ta ƙasa take shigowa ta tsagun siminti, ta cinye ciki ta bar fuska lafiya lau, sai ranar da ƙafa ta burma. Duk wanda bai sa an yi wa harsashin gidansa maganin gara ba, ya fara da wannan kafin ya je kasuwa.

A gaban mai shago

Abu na farko shi ne tabbatar da cewa katakon ne da gaske. Akwai laminet, wanda wani kamfanin Suwidin ya ƙirƙiro a 1977: hoton itace ne aka buga a takarda, aka manne a kan matsattsen garin katako, aka rufe da wani abu mai tauri. Akwai kuma na roba. Dukansu suna da amfaninsu, na roba ma ya fi jure ruwa, amma bai halatta a sayar maka da su da sunan oak a kuɗin oak ba. Ka ce a buɗe kwali a jera maka fallaye shida ko takwas. Idan ka ga zane guda yana maimaituwa, hoto ne, domin itace biyu ba sa taɓa zama iri ɗaya. Sannan ka juya falle ka dubi bakinsa, za ka ga hawa-hawan da idonka.

Na biyu, ka auna kaurin fuskar, kada ka tsaya ga kaurin fallen gaba ɗaya. A ƙa'idar Turai mai lamba EN 13489, sai fuska ta kai milimita 2.5 ake lissafa shi cikin daɓen katako na sosai. Muhimmancin wannan shi ne gyara. Idan daɓe ya tsufa ya yi zane-zane, akan kankare shi da injin samfefa a sake shafe shi ya dawo sabo, kuma kowace kankara tana cin abin da ya kai rabin milimita zuwa guda. Mai milimita 3 zai ɗauki kankara ɗaya ko biyu, mai 4 ya ɗan fi haka, mai 6 kuwa jikoki ma sa gada. Wanda fuskarsa ba ta kai milimita guda ba, ranar da ya karce ya gama aiki. Araha ba ta ado.

Na uku, ka tambayi abin da aka yi cikinsa da shi. Filawud mai hawa da yawa ya fi jure sauyin yanayi a kan matsattsen garin katako, wanda da ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa. Ka nemi alamar E1 a jikin kwali, wadda ke nuna cewa gam ɗin da aka yi amfani da shi ba ya fitar da iskar fomaldihaid fiye da kima, musamman da yake yaranmu a ƙasa suke rarrafe, mu ma a ƙasa muke zama. A yanayinmu kuma falle matsakaici ya fi mai faɗi sosai, domin gwargwadon faɗi gwargwadon motsi.

Na huɗu, shafen da ke kai. Akwai mai banish, wanda ke rufe fuska ruf, yana da sauƙin goga kuma ya fi jure tabo, sai dai in ya karce sosai sai an kankare ɗakin duka. Akwai mai shafen mai, wanda ke shiga cikin itacen ya bar shi da kamanninsa na asali, ana iya gyara wuri guda ba tare da taɓa sauran ba, amma yana son a sabunta man duk shekara ɗaya ko biyu. Gidan da ke da yara da yawan baƙi, mai banish mara ƙyalli sosai ya fi masa sauƙi. A ƙarshe ka ƙara kashi 5 zuwa 10 a kan awon ɗakinka saboda yanke-yanke, ko kusan 15 in ƙirar ƙayar kifi za a yi, ka kuma ajiye kwali guda domin gyaran gaba, don ba lallai ne ka sake samun launin ba.

Ranar shimfiɗa

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Daɓen katako shi ne aikin ƙarshe a gini, bayan an gama filasta da fenti, an sa ƙofofi da tagogi, an gwada famfuna an tabbatar babu yoyo. Magina a Ingila suna lissafa kwana guda ga kowace milimita ta shafen siminti, wato mai kaurin milimita 50 yana son kimanin wata biyu. Zafinmu na iya gaggauta bushewar sama, amma ciki na nan da ruwansa, don haka ido ba ya isa shaida. Akwai na'urar auna danshin siminti, kuma kafintan da ya san aikinsa zai zo da ita. In babu, a yanki leda a shimfiɗa a ƙasa a manne gefunanta, a bar ta kwana biyu. Idan aka ɗaga aka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, a dakata. Wannan gwaji yana tona jiƙaƙƙen siminti, amma bai kai awon na'ura tabbaci ba.

Dole ƙasa ta zama a baje, kada tudu ko kwari ya wuce milimita 3 a tsawon mita 2, in ba haka ba daɓen zai riƙa ƙara yana lotsawa har haɗinsa ya karye. A kawo kwalayen a kwantar da su a ɗakin da za a yi aikin na kwana biyu ko uku kafin a buɗe, a kuma bi abin da takardar kamfanin ta ce. Hanyar shimfiɗa biyu ce aka fi bi a kan siminti. Ko dai a manne kowane falle da gam na musamman mai sassauci bayan an shafa maganin hana danshi, ko kuma a shimfiɗa leda da siririyar katifa a jera fallayen a kai suna kulle juna, ba tare da an manne su da ƙasa ba. Ta farko ta fi tsada amma ta fi natsuwa da rashin ƙara, ta fi dacewa da babban falo. Ta biyu ta fi sauri da sauƙin cirewa.

Kowace aka bi, akwai ƙa'idar da ba a karya ta: a bar ratar milimita 10 zuwa 15 tsakanin katako da bango, da bakin ƙofa, da ginshiƙi, da duk wani abu kafaffe. Sikatin ne zai rufe ratar, kuma a bango ake kafa shi, ban da jikin daɓen. Da yawa daga masu aikinmu a tayil suka ƙware, inda matsewa ita ce gwaninta, shi ya sa suke ganin barin rata kamar kasawa ce. Maigida ya tsaya a kai da kansa, musamman in da rani ake aikin, lokacin da katako ke a tsuke yana jiran damina. A kuma sassaɓa mahaɗar fallayen da aƙalla santimita 30, kada su zo a layi guda.

Zama da shi

Ba kowane ɗaki ne ya dace ba. Banɗaki da kicin da wurin alwala a bar wa tayil. Ɗakin kwana, ɗakin karatu da falon maigida, musamman a saman bene inda danshin ƙasa da gara ba su kai ba, nan ne katako ke nuna kansa. Yana da ɗumi a ƙafa da asubahin hunturu, ba ya santsi irin na jiƙaƙƙen tayil da ke karya tsofaffi, kuma yana da daɗin zama.

Al'adarmu ta cire takalmi a bakin ƙofa babbar gata ce gare shi, domin yashi a ƙarƙashin takalmi samfefa ne. A share ƙurar hunturu kullum da tsintsiya mai laushi ko injin zuƙe ƙura. In za a goge, a matse tsumma sosai har ya zama ɗan danshi kawai, ban da omo, ban da bilic. Abin da ya zube, ruwa ne ko shayi ko miya, a goge nan take. A sa tabarmar goge ƙafa a ƙofar banɗaki saboda mai fitowa da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Uwargida ta sani cewa kaskon turaren wuta ba ya sauka a kan katako sai da faranti a ƙasa, domin ƙwayar garwashi guda ta isa ta bar tabo. A manna ƙyalle a ƙafafun kujeru, a ɗaga su in za a matsar, kada a ja. Hasken rana yana sauya launin oak a hankali, don haka a sa labule, a riƙa kuma sauya wa darduma wuri. Da hunturu a rufe tagogi, a sayi ɗan ma'aunin danshi a rataye, in hali ya yi a sa na'urar ƙara danshi.

Akwai wani sirri da dukawanmu za su gane da wuri. Oak yana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi. Idan wannan sinadari ya haɗu da ƙarfe da ruwa sai ya ba da baƙi, kamar dai yadda ake samun kuloko. Saboda haka bokitin ƙarfe ko ƙafar kujerar ƙarfe a kan jiƙaƙƙen oak za su bar baƙin tabo mai wuyar fita. Duk wannan bayani, wajibi ne a zaunar da mai aikin gida a yi mata shi, domin ita ce ke riƙe da bokiti, kuma ba adalci ba ne a tuhume ta da abin da ba a koya mata ba.

Abin da ya rage mana

Akwai abin takaici a cikin wannan lamari. Muna da itatuwan da suka girma a yanayinmu, irin su kawo da loko, da tik da aka dasa a dajin Nimbiya na Jihar Kaduna. Kawo musamman, Turawa sun daɗe suna sayensa su yi daɓe da shi, saboda ƙarancin motsinsa da juriyarsa ga gara. Mun bari an yi ta sara ba dashe, har ta kai ga taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama a 2022 ya sanya kawo da maɗaci na Afirka cikin itatuwan da sai da izini ake fataucinsu tsakanin ƙasashe, kamar yadda aka yi wa madobiya tun 2016. Mu fitar da gungume da araha, mu sayo falle da tsada. Fasahar hawa-hawa kuwa ita ce ainihin abin da ya dace da mai ƙarancin itace, tunda kaɗan take ci. Wannan ƙalubale ne ga masu jarinmu, da kuma kwalejojin fasaha da ya kamata su fara yaye matasan da suka san awon danshi kamar yadda suka san awon tef.

Shi kuwa abokina, an cire kusan rabin falon, an jira simintin ya bushe, an sa leda, an bar rata, an sake shimfiɗawa da abin da ya tsira da kuma kwalaye biyar da ya ƙaro. Kuɗin gyaran sun isa su yi wa ɗakuna biyu tayil. Da na tambaye shi ko ya yi nadama, sai ya ce katakon bai yi masa laifi ba, shi ne bai yi tambaya ba. Matambayi dai ba ya ɓata. Allah Ya sa mu dace.